Rediyon da Ya Kai Mma Asibiti

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Sifen? Mu nan Kumasi sai godiyar Allah.

Ka taɓa ba ni labarin gidan rediyon Sifaniyanci da kake ji a can, wanda ba ya talla. To, mu ma mun samu irinsa da Hausa. Wasu malaman makaranta da ma'aikatan asibiti na unguwar Tafo ne suka buɗe shi.

Ka san mahaifiyarmu Mma da rediyo: in ba wa'azi ba, sai mai maganin nan da ke cewa kwalbarsa tana warkar da ciwon suga. Saboda shi ta ajiye ƙwayoyin asibiti, ƙafarta ta kumbura. Na yi magana har na gaji.

Ranar Laraba wata nas ta yi bayanin ciwon a sabon gidan rediyon, ba ta zagi kowa ba. Mma ta ce in kira mata ita a waya. Nas ɗin ta saurare ta tsaf, sannan ta ce, "Mma, ki ci gaba da addu'a, amma gobe ki je a duba ƙafar nan."

Washegari Mma ta riga ni shiryawa, muka hau motar haya ta trotro zuwa asibiti. Likita ya ce mun zo a kan lokaci, ƙafar za ta warke.

Ka sa ta a addu'a, har da masu rediyon, Allah ya ɗorar da aikinsu. Ka gaida Anti Rabi. Mma ta ce ka riƙa kiranta, amma ban da Laraba, ranar shirin nas ɗin.

Ƙanwarka,
Hajara