Ruwan da Na Zubar a Gaban Baba

Madina, 9 ga Sha'aban, 1423

Ya Adawiyya, sanyin idona, inuwar dabinon Ƙuba ga wanda rana ta gasa, ruwan randa a tsakiyar bazara! Ina miki sallama da zuciyar da ta yi kwana huɗu ba ta zauna wuri ɗaya ba.

Kin tuna ranar da aka kawo ni gidanku in gan ki? Kika shigo da faranti, shayi ya zube a farar rigata. Kika rufe fuska kika gudu, ni kuwa har yau na ƙi kai rigar wanki.

Na san labari ya iso miki a karkace, bari ki ji daga bakina. Shekara biyu ke nan yayanki Abdulrauf yana tara mu kowace Alhamis a wata gonar dabino, mu ashirin, likitoci da injiniyoyi da masu kanti, muna wasan kwaikwayon ayarin kakanninmu da suka taho hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa. Babu 'yan kallo, babu rubutacciyar magana. Kowa ya sa tsumma, ya ɗauki gora da sanda, ya zama mutumin da aka ba shi. Doka ɗaya ce: daga busa usur har a zuba shayi, ba mai komawa kansa. Ni aka ba jagora maci amana, mai ɓatar da ayari ya gudu da ruwa, wai don na iya murtuke fuska.

Tun ina jin daɗi har abin ya zame mini sarƙa. Ranar Laraba sai in wuni ina saƙa ƙaryar da zan yi gobe. Abokan wasa su shigo kantin maganinmu su kira ni Maci-amana a gaban masu saye. Na ce zan bari, Abdulrauf ya ce in na fita wasan ya mutu, kuma shi ne mai kai maganar aurenmu wurin Baba, mahaifinku. Ina zan sa kaina?

Sai Alhamis ɗin nan Baba ya shigo gonar da sandarsa. Na gane shi sarai, amma na ɗauka Abdulrauf ne ya sa shi cikin wasan don ya gwada ni, yadda ya saba yi mana. Ya yi mini sallama, ya nemi ruwa. Ban durƙusa ba, Adawiyya! Ban cire takalmi ba. Na tsaya ƙerere, na tsiyayar da ruwan gorar a ƙasa a gabansa, na yi dariya. Ashe ya zo ganin surukin da ake yaba masa ne, ƙishin kuma na gaske ne. Ashe haka wani jagora ya yi wa mahaifinsa a hanyar Sudan, da ƙyar ya iso da rai. Baba ya juya ya tafi. Ni kuma na ƙarasa wasan, don ba a zuba shayi ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Yanzu Baba ya ce a dakatar da maganar aure. Abdulrauf kuwa ya ce in zo zagayen ƙarshe, inda ayari zai kama ni, wai Baba zai huce in ya ji an hukunta ni. Wace irin dabara ce wannan? In na je, na ƙara zama mutumin da Baba ya gani. In na ƙi, na rasa mai roƙa mini. Tsoro nake ji, ƙanwata, tsoron in rasa ki saboda gora da tsumma.

Abu ɗaya nake roƙo. In har ba ki taɓa kama ni da ƙarya ba, ki faɗa wa Ummanku ta faɗa wa Baba. In kuma ke ma shakka ta shige ki, kada ki ɓoye mini. Alhamis bayan la'asar ina ƙofar gidanku a durƙushe, ba zan tashi ba sai Baba ya ce in tashi. In bai fito ba, zan dawo Juma'a.

Naki, ko an ba ni ke ko an hana ni, muddin ina numfashi,

Zainulabideen