A Bar Ni In Tauna Wa Jikana Dabino

Matar ɗana Sa'adatu ta sauka lafiya, namiji, yana ta kuka da ƙarfinsa. Ciki uku ta yi a baya, ba mu ga ko ɗaya da rai ba. A yi min afuwa, bakina ne ya kasa jiran gaisuwa.

Zuwa ga Shugaban Ma'aikatan Lafiya mai kula da ƙauyukanmu na wajen Kiyawa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya fama da wannan annoba ta korona? Malamar asibitin da ta karɓi haihuwar ta yi ƙoƙari, Allah ya saka mata. Amma ina da kuka, kuma kaina ya ɗaure.

Na ɗaya. A gidanmu, babba a gida ne yake yi wa jariri huɗuba a kunne, ya tauna dabino ya shafa masa a dasashi. Haka mahaifina ya yi wa 'ya'yana, yanzu ni ne babba. Na zo da dabinona a aljihu, malamar ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta ce kada yawuna ko numfashina su kai ga yaron, saboda ina tari. Tarin nan kowace shekara nake yinsa in an fara sussukar gero.

Na biyu. Da aka kawo allurar rigakafi ƙofar gidan mai unguwa, mutane na ja da baya, ni na fara miƙa dantse. Na koma aka yi min ta biyu. Mai allurar ya ce na samu kariya. Sanarwar da kuka manna a bangon asibiti ni nake karanta wa tsarana, don na yi ajin yamma na manya. To in allurar ta kare ni, me zan shafa wa yaron? In kuma ba ta kare ba, me zan ce wa dattawan da suka bi bayana?

Na uku. Da suka dawo gida aka ce in tsaya nesa, sai na yi huɗubar daga tsakar gida, da takunkumi a baki. Dole na ɗaga murya. Sunan da ake ɓoyewa sai ranar suna, har maƙwabta sun ji ta katanga. Liman ya ce huɗuba ta yi, yayata ta ce ba ta yi ba. Uwar kuwa an ce mata ta rungume shi ta ba shi nono, alhali randa ɗaya muke sha da ita. Wannan ma ban gane ba.

Roƙona, a turo wanda zai gwada tarin nan kafin suna, a faɗa mana magana ɗaya. In ba cutar ba ce, a bar ni in ɗauki jikana. In ita ce, zan ba ƙanena dabinon, in haƙura. Ba zan saɓa muku ba, yaron nan an daɗe ana jiransa.

Allah ya tsare ka da ma'aikatanka, ya yaye mana wannan cuta.

Suna ranar Asabar ne. Na aje bokiti da sabulu a zaure, za a shiga kaɗan-kaɗan. Kai da ma'aikatanka da duk wanda ya karanta wannan, ku zo ku ga yaron. Wanda ya fito ya tsaya ya gaya min da wa yake kama.

Wassalam.
Malam Haruna, kakan jariri.