Kada Ka Buɗe wa Saifuddeen Ƙofa

Zuwa ga ƙanena Abdurrashid, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan ƙasar waje, a unguwar Treichville. Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙin ƙafa, ya raya mana jaririn Halimatu.

Dalilin wasiƙar nan shi ne Saifuddeen, babban ɗana. Ka san ya samu tuƙin babbar mota a tashar jirgin ruwa. Kwanaki kamfanin ya yi wa direbobi gwajin fitsari, aka ce nasa ya nuna morfin, irin na masu shan hodar maye, aka sallame shi. Da labari ya iso ni, na fitar masa da kayansa waje, ranar Juma'a kuma na tsaya a ƙofar masallaci na shaida wa jama'a ba ni ba shi. Iyayen Jidda, wadda zai aura, suka dawo mana da kayan sa rana.

Ya yi ta rantsuwa bai taɓa sha ba. Uwarsa Balaraba ta ja shi wani asibiti aka sake auna ragowar fitsarin nan. Likita ya ce wai burodi ne, mai baƙin iri a kai da Faransawa ke kira pavo, wanda yake karyawa da shi kullum. Wai daga tsiron nan ake tatsar morfin, shi ya sa gwajin farko ba ya bambancewa. Na biyun ya gano wani sinadari da ke tare da irin, bai kuma ga alamar da hodar ke bari ba. Balaraba ta durƙusa tana kuka, ta ce yaron nan an zalunce shi.

Na ji, ban kuma ce likita ya yi ƙarya ba. Amma magana zarar bunu ce, Abdurrashid. Ni Kailu, da furfurata, in koma gaban mutanen da na yi wa shela in ce burodi ne? Dattijo ba ya lashe amansa. Kamfani ma ya riga ya ɗauki wani. Yanzu Saifuddeen yana kiran fasinja a tashar mota ta Adjamé, in na wuce ya gaishe ni sai in dubi gabana.

Na ji uwarsa na shirin turo shi wurinka. In ya zo, kada ka buɗe masa ƙofa. In ka karɓe shi, mutane za su ce ni ne na yi kuskure.

Ka gaida Hajiya da Ummul-Khairi da Zakari. Yarana uku suna gaishe ka. Uku ne yanzu, haka za ka gaya wa duk wanda ya tambaya.

Yayanka,
Alhaji Kailu