Tutar da Aka Lulluɓa wa Bunu

Daga ƙaninka Kolo, soja a ƙasar Bama, can ƙetaren teku, zuwa ga Yaya Inuwa a Auyo.

Ina gaishe ka, a gaishe min da Hajja da yara. Allah ya sa bana kogi bai cinye mana shinkafar fadama ba. Ni lafiya lau, sai ɗan zazzaɓi da ba ya hana ni fareti.

Yaya, Bunu ɗan Sarkin Ruwa ya rasu ranar Laraba. Ba a samu likkafani ba, a bargonsa aka naɗe shi, aka lulluɓa masa tutar Ingila. Hafsanmu Bature ya ce gicciyen da ke jikinta na waliyyansu ne, wai babu girman da ya wuce a rufa wa mutum ita. Da muka kai bakin kabari sai suka yaye ta, suka ninke, suka ajiye wa na gaba.

Ka yi wa mahaifinsa ta'aziyya, ka ce an sallace shi. Kada ka ambaci tutar. Hajja kuwa, ka ce mata ina cin abinci.

In gidan waya za su karɓa, ka aiko min da farin yadin alawayyo. Ka auna da tsayinka, ai ɗaya muke.

Allah ya sada mu, in da rabo.