Shafin Ƙarshe Yana Jiranka

Yaya Issufu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya zaman Abijan? Yaya Hajara da yara, da ƙafar nan taka? Mu nan lafiya lau, gero ya shiga rumbu, Inna ma ta samu sauƙi.

Bana Ɗanladi mai kamiyo, babbar motar kayan nan, ya riƙa kawo mini littattafai daga Katsina. Biyu suka fi kama ni. Ɗaya na wani masunci ne da ya faɗa garin aljanu a ƙarƙashin ruwa, har yanzu in na bi ta bakin tabkinmu sai na leƙa. Ɗayan na wani falke ne da aka tsinci gawarsa a ɗaki kulle ta ciki.

Amma ban ƙarasa ko ɗaya ba. Kai ka sabar mini a tsaya kafin shafin ƙarshe, kowa ya faɗi zatonsa, sannan a buɗe. Na gwada da Kawu, ya ce: "Kai, ba ka da aikin yi ne?" Ni kaɗai kuma a zaure, wa zai yi mini gardama? Sai na ɗaure su da zare na ajiye.

Shekaranjiya na ɗauko, ashe gara ta cinye ƙarshen na masuncin ƙaf. Ko ya komo gida, Allah kaɗai ya sani.

Inna na gaishe ka. Ka gai da mutanenmu na can, ku sa mu a addu'a.

Na falken yana cikin akwatin ƙarfe. Ni dai yayansa nake zargi, wanda ya yi tafiya ko saƙo bai aiko ba. Ka zo ka musa mini tun gara ba ta riga mu ba.

Ƙanenka,
Laminu