Na Ɓoye Wa Matata Abin Da Likita Ya Faɗa A Kanta

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma duk mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mutumin Dutsin-Ma ne, hatsi nake saye da sayarwa. Matata 'yar Barkiya ce ta ƙasar Kurfi, auren so muka yi, Allah Ya ba mu ɗiya guda, Ummi. Mace ce mai sanyin hali, ko tsawa ba ta iya ba. Bayan haihuwar Ummi ne abin ya fito fili. Sai in dawo daga kasuwa in iske ta bayan randa ta ƙanƙame gwiwoyinta, tana kuka da muryar ƙaramar yarinya, "Gwaggo ki buɗe mani, ba ni ƙarawa." Wata rana kuma wata ce daban, mai kaushin murya, ta tsare ni da ido ta ce, "Kai wane ne da za ka taɓa ta?" In abin ya sake ta sai ta dubi tuwon da ya ƙone ta ce, "Abban Ummi, wa ya ɗora tukunya?" Ba ta tuna komai.

Kowa ya ce iska ce. Mun yi ruƙiyya wurin malaman kirki, wani cikinsu ma ya ce mu haɗa da asibiti, ban ji ba. Sai Gwaggonta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta kai mu wurin wani mutum can daji bayan Kurfi. Barkono ya turara mata, ya sa bulala. Jama'a, ni na riƙe mata hannuwa. Tana roƙo da muryar yarinyar nan, shi kuwa yana cewa, "Kar ta ba ka tausayi, makircin aljana ne." Da muka dawo gida ta ga shatar bulala a jikinta, ta ce, "Na gode da ba ka gaji da ni ba." Wane irin miji ne ake yi wa godiya a kan wannan?

Daga baya na kai ta wani ƙaramin asibiti, aka ba ta ƙwayoyin da ba su ƙare ta da komai ba sai barci da sandarewar wuya. Wata nas ce ta ja ni gefe ta ce, "Malam, likitan ƙwaƙwalwa za ka nema a Katsina." Na ce wa gida ciwon kai za a duba mata, ita ma haka na ce mata. Aka yi gwaje-gwaje, aka ce ba farfaɗiya ba ce. Ranar da muka koma, likitan ya tambaye ta a hankali yadda ta tashi tana ƙarama, sai kawai na ga ta sulale ƙasa, muryar yarinyar nan ta fito. Bai yi mata tsawa ba, cewa ya yi, "Ya sunanki?" A gabana ta faɗi yadda Gwaggo ke kulle ta cikin rumbu in ta yi fitsarin kwance, ba ci ba sha, da yadda ta ɗora mata ludayin ƙarfe mai zafi a gadon baya. Na san tabon. Na taɓa tambayarta, ta ce ita ma ba ta san mafarinsa ba.

Likitan ya ce yana kyautata zaton wani ciwo ne da suke kira DID, wai idan azaba ta fi ƙarfin yaro sai hankalinsa ya rarrabu gida-gida don ya tsira, kowane ɓangare da muryarsa da abin da ya riƙe. Ya ce shi ma ba zai yanke hukunci ba sai ƙwararru a Kaduna sun zauna da ita sun tabbatar, kuma maganin ba na kwana biyu ba ne, zama ne da tattaunawa na tsawon lokaci. Ya ce, "Ka dawo da ita ranar da take cikin hayyacinta in yi mata bayani da bakina, haƙƙinta ne. Kuma a daina dukanta."

Muna cikin mota, daidai Kurfi ta dawo daidai. Ta ce, "Har mun ga likitan? Me ya ce?" Na buɗe baki na ce, "Ya ce gajiya ce, ki riƙa hutawa." Sai ta ce, "To ashe dai iskar ce."

Tun daga ranar ban mayar da ita ba. Na ce wa kaina ina tsoron a kira ta mahaukaciya ne, a goranta wa Ummi in ta girma, Hajiyarmu kuma da ma ta fara cewa in sawwaƙe mata. Na ce ta yaya zan faɗa mata cewa matar da take kira uwa, wadda take aika wa atamfa duk sallah, ita ta yi mata haka? Amma gaskiyar da ban taɓa furtawa ba ita ce, in ba aljana ba ce, to wa muka yi wa bulala ran nan? Wa na danne?

Yanzu Gwaggo ta aiko cewa bayan kasuwa mai zuwa za mu koma wurin mutumin nan, kuma a ba ta Ummi ta tafi da ita Barkiya har uwar ta warke. Matata ta amince da duka biyun. Jiya ta durƙusa gabana ta ce, "Abban Ummi, ka kai ni. Ko dukan ne zan jure, in dai ɗiyata za ta daina guduna."

Ummi kam ba inda za ta je, ko me za a ce da ni. Amma in na hana sai na faɗi dalili. In fara faɗa wa matata ni kaɗai, ko in kai ta gaban likitan ta ji ƙaryata daga bakinsa? In ta sani, za ta ƙara yarda da hannuna? Akwai wanda ya taɓa kai nasa wurin ƙwararrun nan ya ga sauƙi?

Don girman Allah ku faɗa mani, me zan yi?