Kwanon Ilu da Yake Dawowa a Wanke

Zuwa ga Yaya Sani, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da harkokinka na bakin teku. Gaisuwar ke nan. Abin da ya biyo baya ba zai yi maka daɗi ba, ban kuma rubuta don ya yi maka daɗin ba.

Tun da aka kai ƙanenmu Ilu makwancinsa, ba ka taɓa faɗin abin da ya kashe shi ba. Kullum sai ka ce ajali. Ni ma na yi imani da ajali, Yaya, amma ina da ido.

Ka tuna shekarar da yajin aiki ya rufe lakwal, 'yan makaranta suka watse, Ilu ya dawo ya zauna a zauren gidanmu na Sabon Gari. Darajar kuɗin Sefa ta karye, kowa ya rame, sai ramarsa ta ɓuya cikin ta jama'a. Ni nake tuƙa tuwo in miƙa zaure, don mace ba ta tsayawa kan maza suna ci. Kullum kwanon Ilu ya dawo tas, har a wanke, Inna tana ta sa masa albarka.

Wani mai kabu-kabu ne ya tona asirin. Ya ɗauko ni daga kasuwa, yana dariya ya ce miyar jiya gishiri ya yi mata yawa. Ashe wata da watanni shi da 'yan uwansa masu kabu-kabu ke cinye tuwon. Ilu yana gefe yana ɗirkar ruwa, yana matsa cikinsa wai ya yi ƙiba. Ilun da ake ganin haƙarƙarinsa ta cikin riga!

Likita ya ce ciwo ne sananne, a tunani yake, maza ma yana kama su, kuma ana jinyarsa da magana da haƙuri da abinci kaɗan-kaɗan. Ya ba mu takarda mu kai shi Yamai. Kai ka yaga ta. Ka ce ba za ka shiga kasuwar hatsi ana nuna ka ana cewa ƙanenka ya taɓu ba. Ka ce namiji ba ya ƙin tuwo sai an yi masa jifa. Ka kai shi Tibiri aka yi ta yi masa turare, daga nan ka tura shi ban-ruwa Jiratawa, wai aiki zai buɗe masa ciki. Cikin gonar albasa ya faɗi. Ka tsare sunanka, Yaya, yana nan ƙalau.

Yanzu ka saurara. Ɗanka Lawali da ka bar mini ya zama saurayi, har ya fi ka tsawo. Watan jiya kwanonsa ya fara dawowa a wanke.

Ban jira mai kabu-kabu ba. Na yafa mayafi, na ɗauki kwanon na shiga zaure da kaina, na zauna gabansa, maƙwabta suna leƙe. Loma biyu ya yi, sai kuka. Abin da ya fara roƙona shi ne kada in gaya maka.

To na gaya maka, kuma ba izini nake nema ba. Ranar Litinin za mu hau mota zuwa Yamai. Takardar likita tana ƙulle a bakin zanena, inda hannunka ba zai kai ba.

Duk da haka ban manta kai ne ka goya Ilu zuwa gidan likita lokacin da ƙyanda ta kama shi yana ƙarami ba. Kwanon nan nasa kuma da muka yi ta nema bayan sadakar bakwai, ba ɓata ya yi ba. Na gan shi cikin jakarka ranar da za ka tafi, na bar maka shi.

In za ka zo, ka bar faɗan a tasha. Ka zo ka wanke hannu ka zauna, ku ci kwano ɗaya da ɗanka.

Allah Ya jiƙan Ilu, Ya ba Lawali lafiya, Ya sassauta zuciyarka tun da sauran lokaci.

Ƙanwarka da har yau ba ta huce ba,
Hadiza, Maraɗi.